Malami ya yi wa ɗana aski a gaban asembili

*Assalamu alaikum Anti. Ina da ɗa ɗan shekara takwas, yana aji uku a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano. Ana jibi Sallah babansa ya kai shi shago aka yi masa askin nan da ake kwashe gefe da ƙeya a bar ɗan tudu a sama. Ranar da aka koma makaranta malamin ladabtarwa ya fito da shi da wasu yara shida gaban asembili, ya sa almakashi ya yi musu hanya a tsakiyar kai, har ya ɗan yanke shi a bayan kunne. Yara suka yi ta dariya, yanzu "Mai-titi" suke ce masa. A daren muka aske shi ƙwal-kwabo, amma yau kwana tara kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, ko barci da hula yake yi. Babansa ya ce sai ya je ya ci mutuncin malamin, wani abokinsa kuma yana zuga shi ya kai ƙara kotu. Surukata ta ce yaron da ba a hora ba ba ya zama mutum, mu bar maganar. Gaskiya akwai dokar aski a takardar da muka sa wa hannu, ban dai karanta ta sosai ba. In cire shi daga makarantar ne, ko yaya zan yi?*

*Uwa mai damuwa, Kano*

Wa alaikumus salam, Maman yaro.

Cikin duk abin da kika rubuto, hular nan da yake kwana da ita ce ta tsaya mini a rai. Yaro a ɗakin uwarsa, cikin zafin Kano, babu mai kallonsa sai ke, amma ya kasa barin kansa a buɗe. Titin da aka yi masa ya tafi tun daren da kuka aske shi, gashi kuma yana tsiro wajen santimita ɗaya a wata, nan da sati uku kan zai yi baƙi. Dariyar ce ba ta tafi ba. Don haka kafin maganar malami, kafin kotu, kafin Hajiya surukarki, ki fara da shi.

Ki samu lokacin da ku biyu ne kawai, bayan isha'i ko kina yanke masa farce, ki gaya masa magana ɗaya a fili: "Askin nan ba laifinka ba ne. Ni da Abbanka ne ba mu duba dokar makaranta ba." Yara a wannan shekarun lissafinsu gajere ne. An fito da ni gaban mutane, an yi mini dariya, ke nan ni ne mugun. Idan babba bai warware masa lissafin da bakinsa ba, haka zai riƙe shi. Kada ki ce masa "ai ba komai ba ne", don a wurinsa komai ne, kuma idan kika ce haka zai gane cewa ke ma ba ki fahimta ba, sai ya yi shiru. Hular kuma ki ƙyale ta. Ranar da ya huce da kansa zai mance ta a kan katifa.

Maganar da na ce ki gaya masa ba lallashi ba ce kawai, ita ce gaskiyar lamarin. Wa ya kai shi shagon? Wa ya biya? Wa ya gan shi da safiyar ranar sanye da yunifom, ya miƙa masa kuɗin tara ya ce Allah ya tsare? Ɗan shekara takwas ba ya zaɓar aski, ko ya nuna hoton ɗan ƙwallo a bangon shago, babba ne yake ɗaga kai ya ce a yi. Yarjejeniyar aski tsakanin makaranta da ku take, hannunku ne a takardar. Da aka karya ta, sai makaranta ta bar jaki ta doki taiki. Na san dalili, don na yi koyarwa shekaru kafin in ajiye alli: kiran uba mai biyan kuɗin makaranta a ce masa ya yi kuskure yana da nauyi, kama kan yaro kuwa ba ya buƙatar komai sai hannu.

Kuma ni ma na taɓa riƙe almakashin nan. A wata makaranta da na koyar, makon da nake kan aikin lura da ɗalibai, shugabanmu ya miƙo mini shi ya ce in bi layi. Na zo kan wani yaro ɗan aji huɗu, sumarsa ta taru ta gefe guda kamar an yi da gangan. Na danna kansa, na datse. Abin da ya bayyana a ƙarƙashi tabon ƙuna ne, faɗin tafin hannunsa, yana sheƙi, babu ko silin gashi a kai. Uwarsa ce take barin sumar gefen ta yi tsawo tana kwantar masa da ita a kan wurin. Layin ya yi tsit, sannan wani daga baya ya ƙyalƙyale. Washegari uwar ta zo. Na shirya jin zagi. Ta tsaya a bakin aji da mayafinta, ta ce, "Malama, da kin tambaye ni." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta juya. Ban sake taɓa kan ɗan kowa ba, kuma na gaya miki wannan ne don ki san malamin ɗanki ba lallai mugu ba ne. Mai yiwuwa shi ma miƙa masa aka yi, kamar yadda aka yi masa yana yaro.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. Makarantar tana da ikon kafa dokar aski, kuma ni ina ganin dokar tana da amfani. Gajeren aski iri ɗaya yana sa malami ya ga ƙwarƙwata da makero da wuri. Yana rage gasa tsakanin ɗan da ake kai wa shago mai na'urar sanyi da ɗan da wanzamin unguwa ke yi wa a bakin masallaci, aikin da yunifom ma yake yi ke nan. Sannan a Kano aski yana da fassara. Mutane da yawa in suka ga an kwashe gefe an bar sama, 'yan daba da shaye-shaye ne ke faɗo musu a rai, ko daidai ne ko ba daidai ba, kuma kin san Hisba ta sha tare samari a titi tana aske musu irinsa. Mai makaranta yana tsoron iyaye su ga haka a ƙofarsa su ce tarbiyya ta lalace su kwashe 'ya'yansu. Don haka in kuka je kuna cewa "ina ruwanku da kan ɗanmu", kun faɗi tun a bakin ƙofa.

Za kuma a kawo muku hujjar addini, gara ki san ta tun daga gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya hana ƙaza'u, wato a aske wani sashe na kan yaro a bar wani. A ruwayar Abu Dawuda, ya ga yaro an yi masa haka sai ya ce a aske shi duka ko a bar shi duka. Malamai da yawa sun ɗauki hanin a matsayin karhanci, kuma suna da saɓani kan ko rage gefe da kilifa ba tare da an kai fata ba ya shiga ciki. Wannan na malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake so ki lura da shi biyu ne. A hadisin, manyan yaron aka yi wa magana, ba a kama yaron ba. Na biyu, wanda ya datse hanya a tsakiyar kai ya bar gefe da gefe, ya kuma tura yaro aji ya wuni a haka, me ya yi in ba ƙaza'un ba? Ban ce ki je ki jefa wa malamin wannan a fuska ba. Amma idan aka ɗauko addini don a rufe miki baki, ki faɗe ta a hankali, sau ɗaya.

Hajiya ma, in ta huce, ki tambaye ta cikin wasa ko a ƙuruciyarsu ba a bar wa yara maza tukku da zanko. Za ta yi dariya, don ta san wanzamai sun yi shekaru suna aske kai su bar tsiri a tsakiya kamar na zakara, iyaye suna biya suna sa albarka. Abin da zamani ya kira askin banza yau, da ɗan bambanci kaɗan kakanninmu sun yi shi da sunan gado. Amma kada ki yi jayayya da ita a kan horo. Tana da gaskiya cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki ce mata, "Hajiya, ba horon muke ƙi ba, mun yarda an yi kuskure, jinin da aka fitar masa da dariyar da aka tara masa ne za mu je mu yi magana a kai." Ina kyautata zaton ba ta ga bayan kunnen ba. Ki nuna mata. Kaka in ta ga ciwo a jikin jikanta, ra'ayinta kan canza kafin ta gama salati.

Yankan nan kuwa kada ki raina shi, ko da ya warke. Almakashi ɗaya ya bi kawuna bakwai ba a goge ba. Makero ta haka yake yaɗuwa, ta kilifa da mataji da hula da matashin kai. Ki riƙa duba kansa cikin makonnin nan: in kika ga wani zagaye yana fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashin wurin yana karyewa, ki kai shi asibiti. Na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, kuma kada a goga masa man birki ko wani abu mai zafi da za a ba ki shawara a unguwa. Ki ɗauko katin rigakafinsa ki tabbatar ya samu allurar fenta uku, ta sati 6 da 10 da 14, don a cikinta rigakafin ciwon hanta nau'in B yake, wanda kan bi ta jini a ƙarfen da aka yi tarayya. In ya samu, hankalinki ya kwanta. In akwai giɓi, ki gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya faru. In tabon bai ɓace ba ki ɗauki hotonsa a waya, ki ajiye, kada ki sa shi a Facebook ko zauren WhatsApp na iyaye. Yaron da ake kira Mai-titi a makaranta ɗaya ba ya buƙatar a san shi a gari.

Batun kotu. Abokin maigidanki wataƙila ya ji labarin shari'o'in da aka yi nasara ne. An yi. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. A Ghana, a watan Mayun 2021, babbar kotu a Accra ta umarci makarantar Achimota ta karɓi wasu ɗalibai mabiya addinin Rastafari da ta ƙi ɗauka saboda dada, wato dogon murɗaɗɗen gashin da ke kansu. Amma duka biyun a kan addini aka gina su, mutum ya ce wannan shigar ko wannan gashin ibadata ce. Ba za ki iya faɗin haka a kan askin Sallah ba. Ki kuma duba tsawon tafiyar: hukuncin farko a shari'ar hijabin a 2014 aka yanke shi, na ƙarshe a 2022. Shekara takwas, daidai shekarun ɗanki.

Ba wai doka ba ta san da ku ba. Sashe na 11 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana a yi wa yaro horon da ke zubar da mutunci ko raunata shi a jiki ko a zuciya, kuma Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Sai dai a gefe guda sashe na 55 na kundin Final Kod, wato dokokin hukunta laifuka na Arewa, ya bar wa malami ƙofar ladabtar da ɗalibi muddin bai kai ga mummunan rauni ba, kuma da shi lauyan makaranta zai fara. Za ku kashe kuɗin da ya fi na zango uku, yaron kuma ya zama "wanda ubansa ya kai malami kotu". Sanin dokar yana da amfani a bakinki yayin zama da shugaban makaranta. Ya isa haka a yanzu.

To, zaman. Ku je ku biyu, ba da yaron ba, kuma ba lokacin tashi ba da iyaye suka cika ƙofa. Ki kira tukuna ki nemi lokaci da shugaban makarantar, ki ce kuna so malamin ya kasance. Maigidanki ki yi masa magana tun daren. Ina jin rabin fushinsa kunya ce, don shi ya kai yaron shagon, kuma almakashin kamar a kansa aka sa. Kada ki gaya masa haka. Ki ce, "Abban yara, in ka ɗaga murya a can, labarin zai koma uban da ya zo ya yi rashin mutunci, a mance da abin da aka yi wa ɗanmu." In kin san ba zai iya riƙe kansa ba, ku tafi da yayansa ko wani dattijo da yake jin nauyi.

Ku fara da naku laifin, da bakinsa in zai yiwu: "Malam, mun sa hannu a dokar aski, mun saɓa, wannan namu ne, ba za a sake ba." Wannan jimlar tana kwance wa mutum makami, don ya shigo ne da shirin kare dokar, sai ya tarar babu mai faɗa da ita. Daga nan ki ɗora: yaron bai kai kansa shago ba, lambar wayarmu tana ofishinku, ranar da kuɗin makaranta ya yi jinkiri ana samunmu cikin awa ɗaya, me ya hana a same mu a kan aski? Ki nuna hoton kunnen. Ki faɗi kwana tara da ciwon cikin da hular, ba tare da ƙari ba.

Kada ki nemi a kori malamin, ba za a yi ba, in ma an yi wani za a miƙa wa almakashin. Kada kuma ki dage sai ya ba da haƙuri a gaban asembili, wannan sake fito da ɗanki gaban taro ne. Abin da zai yi wa yaron aiki shi ne malamin ya kira shi gefe, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na ji na yanke ka, ka yi haƙuri, ban yi da niyya ba." Minti ɗaya ne, amma a idon ɗan aji uku malamin ladabtarwa ya fi gwamna, kuma jin haka daga bakinsa zai yi abin da lallashinki na wata guda ba zai yi ba. Malamar ajinsu kuma ta kashe sunan nan. Malamai sun san yadda ake yi in sun ga dama: ta ja manyan masu tsokanar gefe, biyu ne ko uku, kullum haka ne, ta kuma ba shi wani ɗan aiki a aji, rabon littattafai ko goge allo, ya dawo yana da wani matsayi ban da na wanda aka yi wa titi.

Sai ki nemi a gyara tsarin, don 'ya'yan wasu. A aiko da tunatarwa kafin kowane hutu ya ƙare, musamman na Sallah da kowa ya san ana gayu. Yaron da ya zo da askin da bai dace ba a ba shi takarda ya kai gida, a ba iyaye kwana biyu. In sun ƙi, a kira su, in ta kama a ce yaron ya zauna a gida sai an gyara. Duk wannan horo ne, kuma yana sauka a kan wanda ya yi laifin. Iyayen sauran yara shidan nan ki neme su a hankali, ba don ku yi gangami ba, don in maganar ta zo taron iyaye da malamai kada ta zama ta mace ɗaya mai ƙorafi. A nan za ki ji iyayen 'yan mata ma suna da nasu, waɗanda ake tsefe wa kitso a makaranta don ba shi aka ce a yi a makon ba, alhali uwar ba ta samu kuɗin makitsiya ba ne ko ba ta ji sanarwar ba.

Ya koma makaranta da wuri, washegarin zaman in zai yiwu. Duk kwanan da ya ƙara a gida ƙofar makarantar tana ƙara yi masa tsawo. Babansa ya kai shi da kansa har bakin aji. In maigidan naki mai sauƙin kai ne, ya je ya yi ƙwal-kwabo shi ma, su shiga tare kai biyu suna sheƙi, na ga uban da ya yi haka kuma ya yi aiki. Ki koya wa yaron amsa guda gajera ga masu tsokana, irin "titin ya rufe, sai ku bi wata hanya", ya faɗa ya wuce. Tsokana tana rayuwa ne da kuka, in ba ta samu ba takan mutu cikin mako. Ciwon cikin safe na gaske ne, tsoro ne ke murɗa shi, kada ki ce ƙarya yake. In ya wuce sati biyu bayan komawarsa, ko ya fara fitsarin kwance, ko ya daina cin abinci, ki kai shi a duba shi, ki kuma koma makarantar.

Cire shi kuwa, ba yanzu ba. Amsar tana bakin shugaban makarantar. In ya saurare ku, ya ce an yi kuskure, ko da ya ɗan kare malaminsa kamar yadda shugabanni kan yi, ku bar yaron ya ƙarasa shekararsa a cikin abokansa. In kuwa ya ce muku haka muke yi, wanda bai so ba ga ƙofa, ko kika ga an fara yi wa yaron bi-ta-da-ƙulli a aji saboda kun yi magana, to ki rubuta ƙorafi da kwanan wata zuwa hukumar jihar da ke kula da makarantu masu zaman kansu, ki riƙe kwafi, ki fara neman wata makarantar a nitse, ki sauya masa a ƙarshen zango. A sabuwar, kafin ki biya ko sisi, ki karɓi takardar dokokinsu ki zauna ki karanta ta har ƙarshe, sannan ki tambayi shugabar, "Yaro in ya zo da askin da ba ku so, me kuke yi masa?" Ki saurari amsar, ki kuma kalli saman teburinta.

Ki gaida mini da shi. Ki rubuto mini ranar da ya cire hular.